Littattafan Zane: Wace Kanta Ce Tasu?

A ɗakin karatunmu na nan Sabo, duk littafin da aka buɗe aka ga zane sai a wurga shi kwalin yara, wai katun ne. Mu dai ba mu yarda da wannan rabo ba.

Ɗauki Maus na Art Spiegelman. Labarin mahaifinsa ne, Bayahude ɗan Folan da ya tsira daga sansanin Auschwitz. Ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi, littafin ya samu lambar Pulitzer a 1992. Akwai yunwa a ciki, akwai rataya, akwai uwar da ta kashe kanta. Wannan ne za a ajiye gefen littafin koyon abacada don an ga ɓera a bango? A 2022 wata hukumar makarantu a jihar Tenesi ta Amurka ta cire shi daga manhaja saboda ashar da tsiraici. Mu ba cirewa muke nema ba. A kai shi kantar manya, wajen tarihin Yaƙin Duniya na Biyu.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Malika na Roye Okupe, ɗan Legas. Sarauniya ce mayaƙiya a daular Azzaz, kuma ko yaro ya san Zazzau da Sarauniya Amina ake haskawa. Zanen ya yi kyau, ba ƙarya, musamman wuraren yaƙi. Amma fa da sihiri a ciki, har rundunar Sin ta zamanin Ming aka kawo mata. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci da Turanci suka fi zama a bakinsu, da yawa ba su taɓa taka Zariya ba. In aka sa musu Malika a kantar tarihi, shi ke nan, za su ɗauka haka aka yi. Wurinsa kantar ƙagaggun labarai, kusa da Ruwan Bagaja, da littafin tarihin Zazzau a inda hannu zai kai.

Masu cewa zane na kashe karatu, su zauna su ga yaron da ke gudun littafi ya cinye shafi ɗari a zama ɗaya. Abin haushin kawai, duka biyun da Turanci suke. Kwamitin ɗakin karatu ya karanta kowanne kafin ya ba shi kanta, in kuɗin sayen littattafai ya shigo kuma a cigita mana na Hausa.