Yunwa da Muƙami a Sansanin Changi: Tarken Littafin King Rat na James Clavell

A ranar 15 ga Fabrairu, 1942, rundunar Ingila da ke tsare da tsibirin Singafo ta miƙa wuya ga Japanawa. A yini guda sojoji kimanin 80,000, Turawan Ingila da na Ostiraliya da kuma Indiyawa, suka zama fursunonin yaƙi. Turawan cikinsu aka tasa ƙeyarsu zuwa Changi, a gabashin tsibirin. James Clavell, wani matashin hafsa a rundunar igwa, a tsibirin Java aka kama shi a wannan shekara, daga baya aka kawo shi Changi, inda ya zauna har ƙarshen yaƙin a 1945. Sai da ya shekara 17 da fitowa kafin ya buga ƙagaggen labarinsa na farko, King Rat (1962), wanda a Hausa za mu iya kira Sarkin Ɓeraye. Manufar wannan takarda ita ce ta dubi tambayar da littafin ya ginu a kanta: idan mutumin banza ne ya ceci ranka, kuma ta hanyar banza, wane bashi yake bin ka?

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne ƙarancin Japanawa a cikin labarin. Wannan ya dace da tarihi, domin a Changi Japanawa sun bar wa hafsoshin fursunoni ragamar tafiyar da cikin sansanin, su ke rabon abinci, su ke hukunci, har da 'yan sandansu. Saboda haka abokin gābar da fursuna yake kwana yake tashi da shi yunwa ce, sai atuni da zazzaɓin cizon sauro, sai kuma ɗan'uwansa fursuna. Marubucin ya ƙware wajen zayyana wannan. Mutum yakan zura ido ga ludayin mai rabo yana lissafin ƙwayar shinkafa. Ƙwai guda dukiya ne. Akan kamo kyankyasai daga ramukan ba-haya domin a samar wa majinyata abin gina jiki. Clavell yana kawo waɗannan abubuwa cikin gajerun jimloli, ba tare da neman a tausaya ba, kamar mai karanta lissafin kanti, kuma wannan bushewar salo ita ce ta sa suke zama a zuciya.

A tsakiyar wannan wahala aka ajiye tauraron labarin, wani kofur Ba'amurke wanda kowa ke kira King, wato Sarki. Shi kaɗai ne yake da tsoka a jiki, rigarsa a wanke a goge, yana shan sigarin kwali alhali kanar-kanar na tsintar guntaye. Sana'arsa dillanci: yana karɓar agogo ko zobe daga hannun fursunan da yunwa ta ci ƙarfinsa, ya sayar wa masu gadi, ya cire la'adarsa. Dokar sansani ta hana wannan ciniki, amma manyan da suka kafa dokar su ne suke aiko masa da kayansu a ɓoye, wasunsu ma suna cikin jerin waɗanda yake biya. Mutum biyu aka jingina da shi domin a auna shi. Na farko Peter Marlowe, hafsan sojan sama ɗan gidan manya, wanda ya iya harshen Malay, ya zama tafintan Sarki, sannan abokinsa. Na biyu Laftanan Grey, shugaban 'yan sandan sansani, ɗan talakawa da ya taso daga kurtu, wanda ba shi da burin da ya wuce ya ga Sarki a bayan kanta.

A ganina babin da ya fi kowane nauyi a littafin ba na Sarki ba ne. Shi ne inda Grey ya gano cewa an ƙwaƙule duwatsun awon da ake rabon shinkafa da su, wato hafsoshin da aka damƙa wa amanar abincin dubban mayunwata suna tauye mudu. Ya kai ƙara wurin kanar ɗin da ke samansa, sai aka ce ya bar maganar, aka kuma yi masa tayin ƙarin girma zuwa kyaftin. Ya karɓa. Daga nan duk wani wa'azin da Grey zai yi a kan Sarki ya zama na mai take laifinsa yana hangen na wani. Abin da Clavell yake nunawa a fili yake: Sarki yana cin riba daga wanda ya kawo kansa, kuma kowa ya san farashinsa, su kuwa masu anini a kafaɗa suna sata daga bakin wanda bai sani ba, suna fakewa da muƙami. Har wasan da Sarki da yaransa suka shirya, na kiwon ɓeraye a ƙarƙashin bukkarsu suna sayar wa manyan hafsoshi naman da sunan naman wata 'yar barewar daji, ramuwar gayya ce ta na ƙasa a kan na sama. Mai karatu Bahaushe, wanda ya san akwai masu farautar burgu, watakila ba zai ji ƙyamar da Bature zai ji ba, amma zai gane dariyar: wanda ya saba a sara masa, yau ga shi yana biyan kuɗi ana ciyar da shi abin da ya raina.

Inda labarin ya kai maƙura shi ne lokacin da hannun Marlowe ya ji rauni a wurin aikin itace, ya fara ruɓewa, likita ya ce sai dai a yanke. Asibitin sansani ba shi da magani. Sarki ne ya saye shi a kasuwar bayan fage, aka yi wa Marlowe allura a ɓoye, hannu ya tsira. To amma a daidai lokacin Marlowe kaɗai ya san inda aka ɓoye kuɗin wani cinikin lu'ulu'u da Sarki ya zuba jarinsa a ciki. Don Allah ya cece shi, ko don kuɗinsa? Clavell bai amsa ba, kuma ya kyauta da bai amsa ba, domin ina jin Sarkin kansa bai sani ba. Akwai kuma tambayar da ta fi wannan ɗaci, wadda Marlowe bai tsaya ya yi wa kansa sosai ba: maganin nan da ya shiga jikinsa, wane majinyaci ne ya rasa shi?

A nan ne rauni na farko na littafin yake. Zuciyar marubucin tana tare da Sarki, har ya kan danna sikelin da yatsa. An ba Sarki fara'a da kyauta da raha, an bar Grey da hassada da ƙullin zuciya kawai, ta yadda mai karatu ba ya samun damar jin hujjar doka daga bakin mutumin kirki. Sakamakon haka sai littafin ya karkata ga cewa wayo da son kai su ne ke raya mutum a irin wannan wuri. Abin mamaki, shafukan littafin da kansu sun ƙaryata haka. Clavell ya nuna yadda fursunoni suke haɗuwa biyu-biyu ko uku-uku suna raba duk abin da ɗayansu ya samo, yadda Marlowe da Mac da Larkin suke yi, suna jinyar juna, suna ɓoye rediyo a cikin gorunan ruwansu alhali sun san kai ne a bakinsa. Wanda ba shi da irin wannan ƙungiya ba ya daɗewa. Wato abin da marubucin ya gani da idonsa ya fi abin da ya so ya koyar gaskiya.

Tarihi ma bai goyi bayan wayo ba. Changi, duk da muninsa, yana cikin sansanonin Japanawa masu dama-dama. Daga nan ne aka kwashi dubbai zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa tsakanin Tailan da Boma, mai tsawon kilomita 415, wadda aka gama a watan Oktoba na 1943, inda fursunoni fiye da 12,000 suka mutu. Kusan kashi 27 cikin ɗari na Turawan da Japan ta kama ba su koma gida ba, alhali a hannun Jamus da Italiya kimanin kashi 4 ne na sojojin Ingila da Amurka suka mutu. A can bakin hanyar jirgin, kwalara ba ta tambayar wanda ya iya ciniki. Sau da yawa abin da ya raba mai rai da mamaci shi ne sunansa ya faɗo a jerin masu tafiya ko bai faɗo ba.

Rauni na biyu ya fi shafar mu. Mutanen Asiya a littafin masu gadi ne ko 'yan kasuwa ko ƙauyawa, ana wucewa ta kansu zuwa ga lamarin Turawa. Sojojin Indiya dubbai da aka kama tare da su, waɗanda aka ware tun ranar 17 ga Fabrairu, 1942, ba su da murya a ciki. Haka kuma leburorin Asiya da suka mutu a hanyar jirgin nan, waɗanda ake ƙiyasta sun kai 90,000. Mu da kakanninmu suka yaƙi waɗannan Japanawan a dajin Boma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausa ta kasance harshen bariki ga da yawansu, mun san yadda ake ba da labarin yaƙin nan a tsallake baƙin soja. Ba za a ce Clavell ya rubuta abin da bai gani ba, amma ya kamata mai nazari ya san iyakar tagar da yake leƙawa.

Duk da haka, ƙarshen labarin ya biya bashin waɗannan kurakurai. Ranar da yaƙi ya ƙare, maimakon murna sai tsoro ya kama fursunonin. Sojojin da suka zo 'yanta su suna kallon su kamar fatalwa, su ma sai a lokacin suka ga kansu a idon mai ƙoshin lafiya. Sarki kuwa, a cikin kwanaki kaɗan sarautarsa ta narke. Kuɗin Japanawa da ya tara ya zama takarda, yaransa suka juya masa baya, ƙibarsa da ta kasance abin alfahari ta zama shaidar tuhuma, ya koma kofur mai karɓar oda. Marlowe ya gaya wa Grey cewa ƙiyayyar Sarki ce ta riƙe shi da rai, wato shi ma yana cikin waɗanda Sarki ke bi bashi. Clavell ya ƙara da wani ɗan shafi game da ɓerayen da aka manta a keji suna cin juna har mafi ƙarfi ya saura, wanda a ganina bayani ne da ya yi yawa, tun da mai karatu ya riga ya gane. Hoton da ya fi shi ƙarfi ya zo kafin nan: Marlowe ya neme shi domin su yi sallama a matsayin abokai, Sarki ya ƙi ba shi fuska, ya hau motar da ta kwashe Amurkawa ya tafi.