Wasa Babu Takarda: Sharhi a Kan Hanyar Michael Etherton

Duk wanda ya karanta Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu a aji ya saba da hanya guda ta shirya wasan kwaikwayo. Marubuci ya rubuta, mai shirya wasa ya raba wa kowa nasa, 'yan wasa su haddace kamar karatun allo, ran wasa su biya. Michael Etherton, Baturen da ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975 bayan ya koyar a Zambiya, wata hanya ya ɗauka dabam, shi da abokin aikinsa Brian Crow da ɗalibansu irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah.

Hanyar kuwa ita ce a ajiye takarda tukuna. Ɗalibai su fita ƙauye, su zauna da mutane, su ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. In sun komo sai a tattauna, a tsai da ƙashin labari, a ce wane kai ne manomi, wane kai ne malamin gona, wane kai ne dillali. Maganar da kowa zai faɗa ba a rubuta masa, daga kansa za ta fito wajen gwaji. A yi, a rushe, a sake, har wasa ya tsaya da ƙafafunsa. Haka aka shirya Wasan Manoma da aka kai ƙasar Soba a 1977, zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo.

Alherin wannan hanya ba ya ɓuya. Ɗan wasan da ya haddace magana, rabin hankalinsa yana ga tuna abin da ke gaba. Wanda ya san halin mutumin da yake kwaikwayo kuwa, kunnensa yana ga abokin wasansa, in an jefo masa magana ya cafe ya mayar. In wani tsoho cikin 'yan kallo ya tsoma baki, wasa bai lalace ba, sai ma ya ƙara armashi. Kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wa ya taɓa rubuta wa yara tashe, ko ya ba 'yan kama takarda? Watau abin da jami'a ta ɗauka sabon ilmi, a ƙofar gidanmu muka tashi muka tarar da shi.

Amma fa a nawa ganin, ajiye takarda bai sauke mai shirya wasa daga gadonsa ba, ɓoye hannunsa kawai ya yi. Manomi zai kawo kuka goma: taki, haraji, rijiya, bashi, asibiti. Wa ke zaɓen wanda za a yi wasa a kai? Wa ke cewa a nan za a fara, a nan za a tsaya? Wanda ya yi wannan zaɓi shi ne marubuci, ko bai taɓa alƙalami ba. A rubutaccen wasa sunan marubuci yana bisa bango, in ya yi son kai mu kama shi. A nan kuwa sai a ce jama'a ce ta shirya, alhali ɗalibi yana duban fuskar malamin da zai ba shi maki, manomi kuma yana duban ɗalibi, baƙo ɗan boko, yana auna abin da zai faɗa. Gaskiya su Etherton sun farga da wannan, shi ya sa daga baya suka karkata ga sa mutanen ƙauye su shiga wasan da kansu maimakon a kai musu dafaffe. An rage ciwon, ba a warkar ba.

Hasara ta biyu mu ɗaliban Hausa ta fi shafa. Wasan Shaihu Umar da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka shirya, aka buga a 1975, ga shi nan muna karantawa, muna feɗe salonsa. Na Soba fa? Akasarin abin da ya iso mana bayani ne da malamai suka rubuta da Turanci, mu ji an yi kaza an yi kaza. Habaicin da aka yi, da karin maganar da ta sa dandali ya ɓarke da shewa, da Zazzagancin da manomi ya mai da martani da shi, waɗannan su ne adabin, su ne kuma rahoto ba ya ɗauka. Ba sai an rubuta wasa kafin a yi ba, amma da an ɗauki kowane a kaset, aka zauna bayan an tashi aka juye shi a takarda da Hausarsa yadda ta fito, da yau yana cikin manhajarmu kusa da na Shu'aibu Maƙarfi.