Shuɗin Idon Pecola da Farar Jarumar Littattafanmu

A 1970 Toni Morrison ta fitar da littafinta na farko, The Bluest Eye. Labarin Pecola Breedlove ne, yarinya baƙar fata 'yar shekara 11 a garin Lorain na jihar Ohio ta Amurka, wajajen 1941. Kullum dare addu'arta ɗaya ce: Allah ya mai da idanunta shuɗaye, ko mutane za su so ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne marubuciyar ba ta ɗora laifin kan Turawa kaɗai ba. Haƙiƙa mai kanti farar fata yana ƙyamar taɓa hannun Pecola in za ta biya kuɗin alewa. To amma mahaifiyarta fa? Ranar da yarinyar ta kifar da abinci mai zafi a gidan Turawan da uwar ke aikatau, duka ta sha, uwar kuma ta koma rarrashin 'yar masu gida. A makaranta, Maureen Peal mai hasken fata ce 'yar lelen malamai da ɗalibai. Da mahaifinta ya yi mata fyaɗe har ta ɗauki ciki, mutanen unguwa tsegumi suka sa gaba, ba tausayi ba. Ma'aunin kyau daga waje ya zo, amma 'yan gida ne suka riƙe mudun.

Inda nake da ja shi ne ƙarancin muryar Pecola. Claudia, wadda ke ɓaɓɓalla 'yartsana farare don haushi, ita ke ba da mafi yawan labarin. Pecola ba ta sakin baki sosai sai bayan ta zautu. Wannan na iya sa mai karatu ya tsaya ga tausayinta, ya manta da tuhumar kansa.

Mu kuwa tuhumar ta hau kanmu. A duba littattafan soyayyarmu: jaruma fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya. Baƙa sau da yawa 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. Sannan mu dawo muna zagin matan da ke bilicin! Ghana ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da sinadarin hydroquinone tun 2016, amma doka ba ta goge abin da alƙalami ya dasa a zuciya.

Marubuta 'yan'uwana, kafin ku siffanta jarumarku ta gaba, ku tuna akwai baƙar yarinyar da za ta karanta, ta kuma ɗauki madubi.