Rawar mutum biyu: Me ke sa ɗan kallo ya kasa ɗauke ido?

Mai karatu, ga wata tambaya. A cikin duk raye-rayen jarumi da jaruma da ka taɓa gani a finafinan Hausa, guda nawa za ka iya tunowa yanzu-yanzu ba tare da an kunna maka waƙar ba? Waƙa kam na san ta zauna maka a ka, ƙila ma ka kan rera ta a kan hanya. Amma ita rawar fa? Da wuya ka cika yatsun hannu ɗaya. Wannan abin dubawa ne, domin tun daga ƙarshen shekarun 1990 rawa da waƙa su ka zama jarin industiri, kuma su ne su ka fi jawo mata zagi daga malamai da iyaye. Abin da aka sha duka saboda shi, ai ya kamata a ce an iya shi.

In ka tambayi 'yan fim, amsar ɗaya ce: an ɗaure masu hannu. Gaskiya ne akwai takunkumi. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka ƙara tsaurara dokoki a 2007 zamanin Malam Abubakar Rabo, sannan a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ, inda su ka taɓa juna. To amma shin taɓa jiki ne ke riƙe ɗan kallo? Ni dai ban yarda ba, kuma ga hujjoji na.

Mu fara leƙa inda aka maida rawar mutum biyu gasa sosai. A garin Bilakful na Ingila, tun 1920 ake gudanar da babban bikin gasar irin wannan rawa. Ba a fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aurata rawa da yawa ake sakewa a fili lokaci guda, kiɗa ɗaya, kuma kowace rawa ba ta cika wuce minti biyu ba. A zagayen ƙarshe akan rage saura shida. Duk wanda ya kai nan ya iya taku, saboda haka taku kaɗai ba ya fidda gwani. Ƙungiyar wasan rawa ta duniya ta kasa makin alƙalai gida huɗu: ingancin motsi, bin kiɗa, iya tafiya da abokin rawa, sai tsari da yadda aka gabatar da shi. Ka lura da na ukun nan. Ana auna yadda ka ke sauraren abokin ka, yadda ka ke ba shi fili, yadda ku ke numfashi tare. Wanda ya fito don ya nuna kan sa shi kaɗai, ya zubar da maki tun kafin kiɗa ya yi nisa.

Masu fim na waje sun gane wannan sirri. Ɗauki Strictly Ballroom, fim ɗin ƙasar Ostareliya na darakta Baz Luhrmann, wanda ya fito a 1992. A ranar gasa, manyan ƙungiya sun sa an kashe kiɗa don a tsaida Scott da Fran, saboda sun kauce wa takun da aka amince da shi. Wuri ya yi tsit. Sai mahaifin Scott ya fara tafi shi kaɗai, jama'a su ka ɗauka, su biyun su ka ci gaba da rawa a kan tafin mutane. Me ya sa zauren ya goya masu baya? Saboda kowa ya ga abin da za su yi asara in su ka tsaya.

Ko kuma Rab Ne Bana Di Jodi na Aditya Chopra, 2008, wanda masu kallon Indiya a nan su ka haddace. Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Suri, ma'aikacin kamfanin lantarki mai kunya, wanda ya ɓad da kama ya zama Raj don ya yi rawar gasa da matar sa Taani, wato Anushka Sharma. A daren ƙarshe sai ya hau dandamali a Surin sa, da gashin baki da tabarau. A tsakiyar rawar ne Taani ta gane cewa mijin ta da Raj mutum ɗaya ne. Cire wannan rawar, labarin ya rushe. Yanzu gwada cire rawa daga yawancin finafinan mu, ka ga ko akwai abin da zai ragu ban da minti bakwai.

Kada ka ce ai waɗannan su na riƙe juna. Dawo gida. A dandalin ƙauyukan mu, daga Kafinsoli zuwa Kankiya har Kusada, iyayen mu sun yi tashen kalangu da asauwara. Budurwa ta shiga fili, saurayi ya fito ya tare ta, tsakanin su akwai tazara, amma duk idon dandali na kan tazarar nan. Ya matso, ta ja da baya. Ya juya kamar ya haƙura, ta ɗan biyo. Makaɗi na kallon ƙafafun su, ya na sauya kiɗa, su na sauya rawa. Alƙalai kuwa jama'a ne, hukuncin su guɗa da liƙi, nan take, babu ɗaukaka ƙara. Kunya ita ce gishirin abin. Kallon da aka sata ya fi wanda aka zuba maka kai-tsaye nauyi.

Wannan gishirin ne ya ɗaga Sangaya na Sarauniya Films, wanda Aminu Muhammad Sabo ya bada umarni a 1999. Ali Nuhu ɗan sarauta, Fati Mohammed mai hidima a gidan. Tazarar da ke tsakanin su a rawa ita ce tazarar da ke tsakanin su a labari, don haka duk taku ɗaya da ya yi zuwa gare ta, ɗan kallo ya san me ya ke nufi. Fim ɗin ya ci kasuwa, furodusoshi su ka yi ca, sai dai kash, fatar su ka ɗauka su ka bar naman. Aka ƙara yawan waƙoƙi, aka ƙara 'yan amshi, aka manta dalilin da ya sa ake rawar.

Laifuffukan da na ke gani huɗu ne. Na farko, kowa kyamara ya ke kallo. Jarumi na yi mata murmushi, jaruma na yi mata fari, kamar waɗanda su ka haɗu a tasha. Na biyu, canza kaya. Baiti ɗaya shadda, baiti na gaba leshi, na uku ƙananan kaya, har ka rasa ko tallar tela ake yi. Na uku, almakashin edita. Fred Astaire, shahararren ɗan rawar finafinan Amurka na shekarun 1930, ya dage a riƙa ɗaukar sa tun daga kai har ƙafa, ba tare da yawan yanka ba, don a ga rawar da gaske ake yin ta. Mu kuwa kafin ka ga taku biyu an yanke zuwa fure ko ruwa. Na huɗu, babu tsayawa. Rawar da ta fara da gudu ta ƙare da gudu ba ta bar wa ɗan kallo wurin da zai riƙe numfashi ba.

Kuma ba rashin gwanaye ba ne. Wanda ya ga Adam A. Zango ko Sani Danja a fili ya san akwai jiki, akwai kunnen kiɗa. Matsalar ita ce sau da yawa gwanin shi kaɗai ke haskawa, jarumar ta zama kamar ƙyallen ado a gefen sa. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka shawara ta ga daraktoci mai sauƙi ce. Kafin a kunna kiɗa a lokeshin, a tambayi marubuci: me ya canza tsakanin mutum biyun nan daga farkon waƙar zuwa ƙarshen ta? In amsar babu ce, a ajiye kuɗin. In akwai, a ba su kwanakin gwaji tare, a ja kyamara baya, a bar su su kalli juna. A nemi tsofaffin makaɗan kalangu tun su na raye, su nuna yadda ake jan hankalin taro da tazarar taku uku. Babu wata hukumar tacewa da za ta yanke wannan.

Kai kuma mai karatu, fim na gaba da za ka kalla, rage sautin idan an zo wurin rawa. In ka fahimci wa ke roƙo, wa ke ja, wa ya sauko, to masu shi sun yi aiki, ka yaba masu. In kuwa hannuwa kawai ka ga su na tashi su na sauka, ka san an sayar maka da waƙa ne an ɗora maka hoto kyauta.