Surutun 'Yan Kallo A Bakin Dara: Sharhi Kan Tallar Aikin Da Bai Kammala Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san yadda zaman dara yake idan an sauko daga sallar La'asar. Mutum biyu ne ke wasa, amma baki goma ne ke magana. An haƙa ramuka talatin a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da karare, wancan da tsakuwa, burin kowa ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Su kuwa 'yan kallo sun yi musu rumfa, wannan ya ce a toshe nan, wancan ya rantse cewa in ba a matsa can ba an gama. Gwanin dara yana jin su sarai, wani lokaci ma har ya ƙaru da su, to amma lissafin yana cikin kansa. Wanda kuwa ya ce sai ya bi kowace murya, ba a daɗewa za a ji an ce dara ta ci gida.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne, wata rana da daddare na je karɓar wayata a shagon caji, sai na tarar da wasu ɗalibaina su uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wani kamfani ne a Amurka yake nuna sabon wasansa na kwamfuta kai tsaye, irin wasan nan na dabarun yaƙi da mutum ke jan ragamar 'yan sojoji kaɗan, ya matsa, abokin gaba ma ya matsa, kamar dai dara. Ɗaya daga cikinsu ya haƙiƙance yana cewa an ɓata wasan, an cuce su. Na ce masa, "Kai kuwa ka taɓa buga shi?" Sai ya ce, "A'a Malam, ai bai fito ba tukuna." Na yi dariya na wuce. Sai dai maganar ta ƙi barin zuciyata, domin na lura irin wannan hukunci, wato na yanke wa abu shari'a tun yana ciki, shi ne ke neman zama alƙalin rubutunmu na Hausa a yau. Saboda haka na ɗan bi diddigin yadda abin yake a wurin masu wasannin, ko ma samu abin ɗauka.

Akwai wani wasa mai suna X-COM da wani Bature ɗan Ingila, Julian Gollop, ya ƙirƙira, ya fito a 1994. Wasa ne na natsuwa da lissafi, sojan da aka kashe maka kuma ya tafi ke nan. A 2010 kamfanin 2K ya ba da sanarwar zai farfaɗo da shi, amma a matsayin wasan harbi da gudu. Da aka nuna samfurinsa sai masoya tsohon wasan suka yi ca, suka ce wannan sunan kawai ya ara. Aka yi ta sauya masa fasali har ya fito a 2013 da sunan The Bureau, bai kuma yi wani tasiri ba. A nan ana iya cewa 'yan kallo sun yi gaskiya. To amma a daidai wannan lokaci wani reshe na kamfanin, wato Firaxis, ƙarƙashin Jake Solomon, yana ta aikin nasa XCOM ɗin, wanda ya fito a watan Oktoba 2012. Shi ma da aka nuna shi an yi ƙorafi: an rage yawan sojoji zuwa huɗu ko shida, an sauƙaƙe ƙa'idojin motsi, an mai da sansani guda ɗaya tak. Masu aikin ba su janye ba, kuma wasan ya karɓu ƙwarai, har ana cewa shi ya dawo da martabar irin waɗannan wasanni. Ke nan baki ɗaya ne ya faɗi daidai a kan wancan, ya kuma yi kuskure a kan wannan.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na Marvel's Midnight Suns, na su Solomon ɗin dai. An sanar da shi a watan Agusta 2021, aka nuna yadda ake buga shi a farkon Satumba. Da masu kallo suka ga cewa da kati ake yaƙin, wato kowane bugu sai an zaro shi daga cikin tarin katuna kamar karta, sai hankalin da yawa ya tashi. Wasu suka ɗauka wasan sa'a ne, wasu suka zaci dabara ce ta sayar musu da katuna ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ya yi ta bayani, ya yi ta nuni kai tsaye, aka ɗage fitowar wasan har sau biyu, sai a Disamba 2022 ya fito. Abin mamaki, waɗanda suka buga shi suka yi sharhi yawancinsu yaƙin katin nan suka fi yabawa. Abin da ya gundure wasu kuwa shi ne doguwar hira da zirga-zirga tsakanin yaƙi da yaƙi, abin da ba a ɗaga murya a kansa ba lokacin talla. Duk da yabon, shugaban uwar kamfanin, Take-Two, ya yarda a farkon 2023 cewa cinikin bai kai yadda aka sa rai ba.

A nawa ganin, abin da wannan ke nunawa shi ne, ra'ayin da mutane suka bayar a kan talla, ra'ayi ne a kan tallar. Ya gaya wa mai aiki yadda jama'a suka fahimci ɗan abin da ya nuna musu, kuma wannan ba ƙaramin ilimi ba ne, tunda kasuwa a kansa take tafiya. Amma bai gaya masa komai ba game da abin da ba su gani ba tukuna.

Mu dawo gida. Wannan al'amari ba baƙo ba ne a adabinmu. Waɗanda suka yi karatun littattafan soyayya a shekarun 1990 za su tuna yadda ake raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a sa adireshin marubuci, a buga wasiƙun masu karatu, a jera sunayen littattafan da ke nan tafe a bangon baya. Littafi irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya samu masu karatu da ba a taɓa zaton akwai su ba, kuma marubutan wancan zamani sun san masu karatunsu ta hanyar wasiƙa fiye da yadda manazartan jami'a suka san su. Har wannan kusanci ya shiga cikin muhawarar da aka yi ta tafkawa a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Da finafinan bidiyo suka bunƙasa, sai tallar fim ta zama kusan ita ce fim ɗin, a tsinto waƙa da rawa da wurin kuka a haɗa, 'yan kasuwa su auna cinikinsa tun ba a gama tace shi ba.

Bambancin shi ne, wasiƙa tana ɗaukar makonni kafin ta iso daga Gumel ko Nguru, kuma wanda ya sayi takarda da ambulan da kan sarki ya zauna ya yi tunani kafin ya rubuta. Kafin ta iso ma marubuci ya yi nisa a littafi na gaba. Yanzu kuwa marubuciya tana sakin shafi da daddare a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, kafin ta yi sallar Asuba an gama shari'ar shafin, an kuma gaya mata abin da zai faru a na gobe. Wasu ma sukan buɗe hira kai tsaye su karanta ɗan yanki na littafin da ba su rubuta rabinsa ba, su tambayi masu sauraro wa suke so jaruma ta aura.

Ba da ka nake wannan magana ba. Kwanakin baya wata ƙanwarmu a wannan ƙungiya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta kawo mini labarinta in duba kafin ta kai maɗaba'a. Labarin wata yarinya ce 'yar masunta a wani ƙauye na fadamar kogin Haɗeja, a daminar 2022 da ruwa ya ci gonaki da gidaje a wannan yanki. Babi goma na farko, wallahi na daɗe ban karanta irinsu ba. Ta san yadda kachala ke toshe hanyar ruwa har kwalekwale ya kasa wucewa. Ta san yadda matasa ke kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa da fitila a hannu, da yadda shinkafar da ta kusa nuna ke nutsewa mai ita yana tsaye yana kallo. Akwai wurin da uban yarinyar ya ƙi shiga jirgin da ya zo kwashe mutane saboda ba za a ɗauki komarsa ba, kuma marubuciyar ba ta tsaya yi mana bayanin halinsa ba, ta bar mu mun gane da kanmu. Wannan shi ne rubutu.

Sai kash! A babi na goma sha huɗu wani matashin attajiri ya sauko daga Abuja da jerin motoci, wai ya kawo kayan agaji, ya ga yarinyar, daga nan ruwa ya janye daga labarin kamar ba a taɓa yin ambaliya ba. Sauran babi ashirin duk a cikin falo aka yi su, da kishiya, da uwar miji, da boka. Uban nan mai koma ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai ranar ɗaurin aure. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce ai tun tana babi na shida masu karatu suka fara ƙorafi cewa wahalar ta yi yawa, labarin ba ya tafiya, wasu har suka ce za su daina bi in ba a kawo wanda zai share wa yarinyar hawaye ba.

Na koma na sake karanta babi na shida da na bakwai, kuma dole in yi wa masu karatun nan adalci: sun yi gaskiya, labarin ya tsaya a wurin. Shafi kusan goma sha biyar ana zaune a ajin makarantar firamare da aka tsugunar da mutane, ana maimaita kukan da aka riga aka yi. Mai karatu ya ji ciwo a daidai inda ciwon yake. Inda aka samu matsala shi ne maganin. Majinyaci ya fi kowa sanin inda ke masa zafi, amma ba shi ke rubuta wa kansa magani ba. Abin da babin ke bukata shi ne a rage shi, a kuma ba yarinyar wani abin yi da hannunta, ko da neman ƙaninta ne da ya ɓace a cikin rububin hawa jirgi. Su kuwa masu karatu, da yake abin da suka saba gani shi ne attajiri, sai suka nemi attajiri. Ba laifinsu ba ne. Mutum ba ya roƙon abin da bai taɓa gani ba, kuma aikin marubuci ke nan ya kawo masa shi.

Kada a ɗauka ina cewa a toshe kunne. Ko manyan marubutan duniya sun ji wannan matsi. Charles Dickens yana fitar da The Old Curiosity Shop kashi-kashi a 1840 zuwa 1841, masu karatu suka yi ta aiko masa wasiƙu kada ya kashe yarinyar labarin, ya kuma kashe ta. Arthur Conan Doyle kuwa ya kashe Sherlock Holmes a 1893, bayan shekara goma ya dawo da shi da rai. Kowannensu ya ji jama'a, kowannensu kuma shi ya yanke hukunci da kansa, bayan ya san inda labarinsa ya dosa. Nakan kuma yi tunanin namu Mu'azu Haɗeja, da a ce kafin ya kammala Waƙar Giya sai ya karanta rabinta a gaban mashaya ya nemi shawararsu, ko me za ta zama?

Akwai kuma wata tambaya da ba mu cika yi ba, wato su wane ne ke maganar? A bakin dara ba wanda ya fi iya wasa ne ya fi ɗaga murya ba. Cikin mutum ɗari da ke bin labari, waɗanda ke magana kullum ba su da yawa, kuma sau da yawa su ne masu gaggawa. Malamar makarantar da ke karantawa bayan ta kwantar da yara, da tsohon da jikarsa ke karanta masa, ba za su ce uffan ba, amma su ne za su ajiye littafin su ba wani. Yaron nan na shagon caji ma, da na sake tambayarsa daga baya, ya ce ko da wasan ya fito ba shi da na'urar da zai buga shi.

Shawarar da na ba ƙanwar tamu ita ce ta yanke labarin daga babi na goma sha uku, ta rufe wayarta wata biyu, ta koma ƙauyen ta zauna da masuntan, ta gano abin da ya faru da uban nan da komarsa bayan ruwa ya janye. In ta gama, ta ba mutum uku da ta yarda da su su karanta shi gaba ɗaya, daga nan ta yi tallarsa yadda take so. Ta ce mini masu karatunta sun riga sun biya kuɗin wancan, kuma sun ji daɗinsa. Na ce wannan gaskiya ne, ta bar musu shi, wannan kuma ta sa masa wani suna. Ta karɓi takardunta ta ce za ta yi shawara.