Daidaita Na'urar Kwaikwayon Amfilifaya da Akwatin Lasifika na Gaske

Na'urar kwaikwayon amfilifaya ƙaramar kwamfuta ce da ake jona wa jitar lantarki, ta yi lissafi ta fitar da sauti irin na tsofaffin amfilifayoyi masu bawul, wato su Marshall da Fender da Vox. Kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da POD a 1998, Fractal Audio ya biyo baya da Axe-Fx a 2006, sai Kemper daga Jamus a 2011. Duk da ci gaban da aka samu, ƙorafin makaɗa ɗaya ne: sautin ya yi kama, amma ba ya dukan ƙirji yadda akwatin gaske yake yi. Galibi matsalar a ɓangaren lasifika take.

Lasifikar jita ba ta fitar da kowane irin sauti. Vintage 30 ta kamfanin Celestion na Ingila, mai faɗin inci 12, tana aiki ne daga wajen hertz 70 zuwa 5,000, abin da ya haura haka sai ta danne shi. Wannan gazawa ce take tace ƙarar jita ta zama abin saurare. Shi ma akwatin yana da nasa hali. Na Marshall mai lasifika huɗu a rufe yake ta baya, amonsa a dunƙule, yayin da Fender Twin Reverb yake buɗe, sautinsa yana bazuwa cikin ɗaki.

Na'urorin suna kwaikwayon wannan da abin da ake kira IR, wato ɗan gajeren hoton sauti da aka ɗauka da makirufo a gaban akwati, sau da yawa Shure SM57. Ruɗanin daga nan yake farawa. IR yana ɗauke da abin da makirufo ya ji a dab da bakin lasifika, shi kuwa makaɗi ya saba da abin da kunnensa yake ji daga nesa, bayan sautin ya bugi bango da ƙasa. Wanda ya kwatanta waɗannan biyun zai yi ta murɗa maɓallai ba tare da ya gamsu ba. Kuma idan za a tura sautin cikin akwatin jita na gaske, dole a kashe IR, in ba haka ba an tace sau biyu, sautin ya fito a dushe kamar an lulluɓe akwatin da bargo.

Babban aikin yana wajen turjiyar lantarki. Om 8 ko 16 da ake rubutawa a bayan akwati suna ne kawai. Turjiyar tana yin tsalle sosai a mitar da lasifika ta fi sauƙin girgiza, sannan ta riƙa hawa a hankali wajen siraran sautuka. Amfilifaya mai bawul yana bin wannan hawa da sauka, ya ƙara ƙarfi a inda turjiyar ta tashi, kuma daga nan dukan ƙirjin yake fitowa. Amfilifaya mai taransisto, wanda aka saba sa wa tsakanin na'urar da akwati, bai damu da turjiyar ba. Saboda haka na'urar ce za ta ƙirƙiro tsallen, alhali ba ta san akwatin da aka jona mata ba. Na'urori irin su Axe-Fx sun tanadi wurin saita wannan mita.

Mitar girgizar Vintage 30 a waje hertz 75 ce, amma da zarar an rufe ta cikin akwati, iskar da ke ciki takan tura mitar sama, sau da yawa zuwa kewayen 100 ko fiye. Idan na'urar ta ɗora tsallenta a wani wuri dabam, sai a sami amo biyu suna rigima, ƙasan sautin ya yi laƙwas. Masu kayan awo sukan auna turjiyar kai tsaye. Wanda ba shi da su yakan danne tsirkiya mai kauri da gefen tafin hannu, ya riƙa kaɗawa yana matsar da mitar kaɗan kaɗan, har ya ji katakon akwatin ya amsa, iska tana kaɗa ƙafar wando. Hanyar kunne ba ta kai awo daidaito ba, amma ta fi barin na'urar a yadda ta zo daga kamfani.

Sauran gyaran ba shi da wahala. Akan yanke abin da ke ƙasa da hertz 80, tunda tsirkiya mafi kauri tana kan 82, sannan a rage saman idan ana amfani da lasifikar da ke fitar da komai. Sharaɗin dai shi ne a yi saitin da irin ƙarfin da za a yi wasa da shi. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin amo mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Saitin da aka yi a ɗaki cikin dare yakan cika da amo da kaifi idan aka hau dandamali, dole a sake shi a wurin.