4.3 Suna da Sifa a Kalmar "Maganaɗisu"

A wannan sashe za a duba wata matsala da ke fuskantar malamin firamare a Gusau da Tsafe da Bunguɗu yayin da yake fassara wa yara darasin kimiyya daga littafin Ingilishi. Matsalar ita ce yadda za a samo sifa daga sunan da aka aro.

Parsons (1955) ya nuna cewa Hausa tana da wani rukunin sunaye da ke haifar da sifofinsu ta hanyar ninki. Misali:

(1) zafi: zazzafa
(2) ƙarfi: ƙaƙƙarfa
(3) tauri: tattaura

Amma kalmar "maganaɗisu", wadda ta shigo daga Larabci, ba ta cikin wannan rukuni. Saboda haka mai fassara yakan ruga ga "mai", ya ce "ƙarfe mai maganaɗisu" a duk inda ya ga ɗafa-ƙeyar -ic ta Ingilishi. A nan ne gizo ke saƙar. A Hausa "mai" na nuna mallaka, don haka yaro zai fahimci cewa ƙusa ma tana iya jan allura. Alhali abin da littafin ke nufi shi ne ƙusa tana cikin abubuwan da maganaɗisu ke ja, tare da nikel da kobalt, saɓanin tagulla da dalma da zinariya. Wato sifa ɗaya ta Ingilishi ta ɗauki ma'ana biyu, fassarar kuma ta riƙe ɗaya ta yar da ɗaya.

Abin lura shi ne, ɗan gwangwan a kasuwar Gusau ba ya wannan kuskure. Idan ya ɗora mayen ƙarfe a kan kaya, cewa yake "wannan yana kamawa, wancan ba ya kamawa". Da aikatau ya raba su.

Ra'ayin wannan nazari shi ne a bi sawunsa:

(4) maganaɗisu: abin da ke ja
(5) abin da maganaɗisu ke ja: kamar ƙusa
(6) ƙarfin maganaɗisu: jan kansa

Za a iya cewa (5) ta yi tsawo. Haka ne, amma gara doguwar magana da gajeren kuskure, domin abin da yaro ya riƙe a aji uku da shi zai shiga sakandare.